Wa Ya Kamata Ya Fara Shiga?

Jama'a, tun muna ƙanana aka koya mana cewa babba shi ne gaba. Idan an kawo ruwa shi zai fara sha, idan wurin zama ya yi kaɗan yaro ne zai tashi. Ni ma abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan, kuma na sha korar yaro zuwa bayan layi don ya yi wa wani shigar gaba. To amma akwai ƙofa guda da wannan tarbiyya take rikice mini a bakinta, wato ƙofar ɗakin agajin gaggawa na asibiti.

Wata damina, cikin dare, matar maƙwabcina ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ɗanta ɗan shekara biyu yana jijjiga, jikinsa kamar garwashi, maigidan kuma ya yi tafiya. Muka garzaya wani babban asibiti. Ɗakin gaggawar ɗaya ne, na kowa da kowa, nas guda ce a bakin aiki, ga mutane kan benci. A gabanmu akwai wani dattijo da ya sare ƙafarsa da fartanya, ya ɗaure da tsumma, ya daɗe yana jira. Mai ba da kati ya ce mu bi layi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, domin abin da ya sani ke nan, kuma abin da na sani ke nan. Dattijon ne ya leƙa fuskar yaron ya ce wa uwar, "'Yata, shige da shi, tawa ƙafar ba ta gudu." Tun daga ranar nake tambayar kaina: ashe ran yaron nan a kan kirkin wani baƙo ya rataya? Da mai zafin rai muka tarar fa?

Mai kare layi yana da hujja, kada mu raina ta. Layi shi ne garkuwar talaka. Da zarar an ce a duba wanda ya fi cancanta, to mai babbar riga da ɗan'uwan ma'aikaci su ne za su riƙa cancanta kullum. Kuma rai rai ne. Dattijon nan yana da iyalin da yake ciyarwa.

Sai dai layi yana yin adalci ne tsakanin mutanen da jira ke yi wa illa iri ɗaya, kamar masu sayen taki ko masu karɓar albashi. Jiran awa guda a wurin dattijo mai rauni a ƙafa zafi ne. A wurin yaro mai jijjiga yana iya zama ajali. Dalili kuwa a jikin yaron yake. Jinin babban mutum ya kai lita 5, amma yaro mai nauyin kilo 10 jininsa duka bai cika lita ɗaya ba, saboda haka zazzaɓin cizon sauro ko gudawa kan ƙarar da shi cikin ɗan lokaci. Babba kan ce "nan ke mini ciwo", shi kuwa yaro sai kuka, idan abin ya yi tsanani ma sai ya yi shiru, wanda bai sani ba ya ɗauka barci ne. Numfashi 45 a minti ɗaya ba komai ba ne ga jariri ɗan wata shida, ga ɗan shekara uku kuwa alamar ciwon huhu ce. Hatta magani ba a raba na babba biyu a ce an sami na yaro. Allurar atesunet da ake yi wa mai zazzaɓi mai tsanani, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo, wanda ya fi haka nauyi kuwa 2.4, wato ƙaramin ya fi babban samu gwargwadon jikinsa. Yaro mai tamowa kuma, ƙarin ruwan da zai farfaɗo da babba yana iya tsayar masa da zuciya. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labari ba: a 2010, da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, manya da yara ƙura ɗaya suka shaƙa, amma yara fiye da 400 ne suka rasu.

Wannan ne ya sa manyan asibitoci ke ware wa yara nasu ɗakin gaggawa, mai sikeli, da ƙananan allurai, da ma'aikatan da idonsu ya saba da yara. A Gusau akwai irinsa a Asibitin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ga kuma Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad. Ban ɗauki wannan a matsayin gata ba. Haƙƙi ne, kamar yadda ba a ɗinka wa yaro rigar ubansa a ce an yi musu daidai.

To amma a nan ne nake rabuwa da masu cewa magani shi ne a yi ta gina asibitocin yara. Ina za a gina su? A birni. Uwar da ke 'Yandoton Daji ko wani ƙauye na Bungudu, da tsakar dare, a kan kabu-kabu, ga halin da hanyoyinmu suka shiga na rashin tsaro, ba ta da zaɓi tsakanin asibitin yara da na kowa. Babban asibitin Tsafe ko na Bungudu shi ne iyakar gudunta, in ma ta samu ta kai. Ko a Amurka, da duk arzikinta, fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da ake kaiwa gaggawa asibitocin kowa da kowa ake kai su. Idan adalcin da muke nema wa yaro ya tsaya ga ɗan birni, mun dai sake wani layin ne, mai tsawon kilomitoci.

Abin da ya faru a Malawi ya fi kusa da mu. A Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre, an ware wa yara wuri, aka horar da ma'aikata su duba kowane yaro tun daga ƙofa kafin kati, kafin kuɗi. Rahoton da aka buga a 2006 ya nuna mace-macen yaran da aka kwantar sun sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin 100, sun koma kashi 6 zuwa 8. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 kashi uku ya raba yara: wanda za a kama nan take, wanda za a gabatar, da wanda zai iya bin layi. Dubawar ba ta cin minti ɗaya. Yana numfashi? Hannunsa ya yi sanyi? Yana jijjiga ko ya suma? Idanunsa sun faɗa? Har maigadi da mai ba da kati an ce a koya musu. Kuma wannan ya amsa tsoron mai kare layi, domin alamun a rubuce suke, ba ruwansu da rigar uban yaro. Yaro mai ɗan ƙurji zai jira bayan dattijo, babu wanda ya ce yarinta kaɗai lasisi ce.

Hadisin nan da muke yawan kawowa kan girmama babba, a cikinsa ne aka ambaci jinƙan ƙarami, amma mun fi riƙe rabin da ya shafe mu, mu manya. Dattijon can ya riƙe duka biyun. Abin da ke damuna shi ne aikin da ya yi a daren nan ba nasa ba ne, na asibitin ne.

Yaron ya kwana uku ya tashi, bayan an yi masa ƙarin jini. Shi kuwa dattijon, da na fito sallar asuba na tarar ba a jima da ɗinke masa ƙafar ba, yana neman motar da za ta mayar da shi ƙauye.