KIƊAN BAƘIN ƘARFE: KO DAƊIN SAUTI NA WANKE MUMMUNAN ZANCE?

A cikin watan Yuli na 1993 waɗansu samari huɗu suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Grieghallen a birnin Bergen na ƙasar Norwe, suka ɗauki wani faifai wanda ya fito a 1994 da sunan In the Nightside Eclipse. Sunan ƙungiyarsu Emperor, watau babban sarki. Mai ja musu waƙa, Ihsahn, shekararsa 17 a lokacin. Irin kiɗan da su ke yi shi a ke kira blak metal, ma'ana baƙin ƙarfe, faifan nan kuwa yana cikin waɗanda suka buɗe wa reshensa na simfoni hanya.

Ga wanda bai taɓa ji ba, ga yadda abin ya ke. Jita ta lantarki ana kaɗa tsirkiyarta da tsananin sauri har sautin ya haɗe ya zama kamar gunjin iskar hadari. Ganguna na zuba ba numfashi, sai ka ce ƙanƙara a kan kwano. Mai waƙa ba rerawa ya ke yi ba, ƙara ya ke ƙwallawa daga can cikin maƙogwaro, an kuma tura muryar baya ta nutse cikin amo. Sa'an nan a bisa wannan hargowa duka aka shimfiɗa sautin wani fiyano na lantarki mai kwaikwayon goge masu yawa da taron muryoyi irin na majami'a, a hankali, da nauyi, da kwarjini. Faɗin gaskiya wajibi ne ko a kan abin ƙi: akwai gwaninta a aikin nan, wanda ya ce hayaniya ce kawai bai saurara ba.

Baitocin da Turanci su ke. Zancensu dare ne, da kurmi, da duwatsu, da taurari, da wani mai sihiri da ke da'awar mulkin halitta. Waƙar ƙarshe kuwa sunanta da Italiyanci ne, Inno a Satana, watau yabo ga Shaiɗan. A'uzu billahi.

To, tambayar da ta taso ita ce: mutum ya ce shi ba ruwansa da baitoci, ba ya ma jin abin da a ke faɗa saboda ƙarar ta haɗiye kalmomin, kiɗan kaɗai ya ke sha'awa. Shin ya kuɓuta?

Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa sananne ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. A ɗauki ma ra'ayin masu sassautawa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban sauraro, ya kuma tafi a kan cewa murya mai daɗi asalinta halal ce, sai in wani dalili ya gitta. Daga cikin dalilan da ya lissafa akwai abin da baitocin suka ƙunsa, akwai kuma halin zuciyar mai sauraro. Ra'ayinsa shi ne sauti ba ya zuba wa zuciya sabon abu, abin da ke kwance a cikinta ya ke motsawa. Da wannan ma'auni hujjar mutumin nan ta raunana, domin ko da kunne bai tsinci kalma ɗaya ba, fiyanon nan ya riga ya isar da saƙon. Aikinsa shi ne ya ɗora wa duhu rawani, ya sa mai sauraro ya ji kansa ya kumbura, ya ji shi kaɗai ne a bisa dutse, sauran talikai na ƙarƙashinsa. Wannan kuwa girman kai ne, shi ne laifin farko da Iblis ya yi sa'ad da ya ƙi yin sujada. Ashe kiɗan da baitocin magana ɗaya su ke yi, kowanne da harshensa.

Mai ja zai ce, ai a zaurukan ilimi ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, alhali kuwa cike su ke da zancen giya da mata da alfahari irin na jahiliyya. Haka ne, kuma jayayya ce mai nauyi. Amma fa ɗalibin da ya buɗe littafin nan lugga ya ke nema da nahawu, malami na zaune a gabansa, hankalinsa a farke, yana rarrabe kalma da kalma. Malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, saboda haka mai binciken da ya saurari faifan don ya san abin da ke ciki bai zama ɗaya da wanda ya toshe kunnuwansa da shi tsakar dare yana neman ya tafi da shi ba. Na farko yana hukunta abin da ya ke ji. Na biyu ya miƙa masa linzami.

Akwai kuma masu cewa duk wasa ne, ƙuruciya ce ta 'yan makaranta masu son firgita iyayensu. A ƙarshen Suratus Shu'ara'i an zargi mawaƙa da faɗin abin da ba su aikatawa. Abin takaici a Norwe shi ne waɗansu sun aikata. A watan Yuni na 1992 aka ƙone majami'ar katako ta Fantoft kusa da Bergen, ginin da ya faro tun wajen 1150, waɗansu majami'un kuma suka biyo baya. Samoth, makaɗin jita na Emperor, an ɗaure shi wata 16 saboda hannu a ƙone majami'ar Skjold. Makaɗin gangunansu, Faust, ya daɓa wa wani mutum wuƙa har lahira a garin Lillehammer a watan Agusta na 1992, aka yanke masa shekara 14 a 1994. Ke nan hannuwan da suka buga gangunan faifan nan sun riga sun zubar da jini wata goma sha ɗaya kafin a ɗauke shi. Adalci ya sa a ambata cewa Ihsahn ba a kama shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan laifuffuka ba, kuma galibin masu sauraron irin kiɗan nan ba su taɓa ƙone ko bukka ba. Kada kuma wani Musulmi ya ce ai majami'u ne, ba masallatai ba. Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar Ma'abota Littafi tare da masallatai cikin abubuwan da a ke tsarewa daga rushewa, Sayyidina Abubakar kuwa ya gargaɗi rundunarsa da su ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu.

An sake gina Fantoft, aka gama a 1997. Faust ya fito daga kurkuku a 2003, a 2014 kuma ya koma kan gangunansa sa'ad da Emperor ta buga waƙoƙin faifan a gaban dubban jama'a, ciki har da bikin Wacken na Jamus, don cikarsa shekara 20. Wani abin lura ga mai cewa ba ya jin kalmomi: a waƙar nan ta ƙarshe Ihsahn yakan sauke ƙarar a wurare, ya rera da murya tas, yadda ko mai ɗan Turanci kaɗan zai gane wanda a ke yabo.