Fasto na bin ikilisiya bashin albashi: ya halatta ya ɗebi hatsin baiko da hannunsa?

Tambaya

Ni ne ma'ajin ikilisiyarmu, ƙarama ce, a ƙauye take, yawancinmu manoma ne. Wata biyar ke nan ba a ba Baba Fasto cikakken albashinsa ba, domin dattawa sun ce a zuba kuɗin a rufin sabuwar majami'a kafin ruwa ya sauka. Hatsin da jama'a suka kawo ranar godiyar kaka yana sito. Makon jiya na iske babu buhun masara uku. Da na tambaya, Baba Fasto ya ce shi ya ɗauka, hakkinsa ne, ai Lawiyawa ma daga zakka suke ci. Yanzu jama'a ta rabu. Wasu na cewa sata ce, a kai ƙararsa gunduma. Wasu kuma sun ce sun daina ba da zakka sai an karanta musu lissafi. Abin da ya yi ya halatta? Ni kuma me zan rubuta a littafi?

Amsa

Ɗan'uwa Ma'aji, Ubangiji ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka sa alƙalami. Bakinka kaɗai na ji, don haka amsata a kan abin da ka faɗa take. Idan akwai wani abu a bayansa, sai ku auna.

Bai halatta fasto ya buɗe sito ya ɗebi hatsin baiko shi kaɗai ba, ko da bashin da yake bi ya ninka kuɗin buhu ukun nan. Sai dai laifin da ya fi nauyi a cikin wasiƙarka yana wuyan dattawa, kuma da shi ya kamata taronku ya fara.

Ba zan ɓata takarda a kan ko fasto ya cancanci albashi ba. Duk wanda ya karanta 1 Korintiyawa 9 da 1 Timoti 5:17-18 da Galatiyawa 6:6 ya san an gama wannan magana. Inda ake saɓani shi ne: mutum yana da hakki tabbatacce, an hana shi, dukiyar waɗanda suka hana shi kuma tana gabansa. Zai iya biyan kansa?

Masu cewa zai iya suna da hujjoji, kuma ban raina su ba. Littafin Ƙidaya sura 18 ya ba Lawiyawa zakkar Isra'ila ladan hidimarsu, Manzo Bulus kuma ya gina hujjarsa a kan masu hidimar haikali da ke ci daga abin haikali. Wannan gaskiya ne. Amma ku duba yadda rabon yake isa hannun Balawe. A Nehemiya 10:38 an shar'anta cewa firist daga zuriyar Haruna ya kasance tare da Lawiyawa sa'ad da suke karɓar zakka. A zamanin Sarki Hezekiya, da baiko ya yi yawa har aka tara shi tsibi tsibi, sai aka shirya ɗakunan ajiya, aka naɗa masu lura da su, aka kuma sa wasu dabam su riƙa rarrabawa bisa ga sunayen da ke rubuce (2 Tarihi 31). Nehemiya ma, da ya dawo ya tarar an hana Lawiyawa rabonsu har sun watse zuwa gonakinsu, shugabanni ya tsawata wa, sa'an nan ya ɗora mutum huɗu amintattu a kan ɗakunan ajiya su riƙa raba wa 'yan'uwansu (Nehemiya 13:10-13). Bai miƙa wa Lawiyawa mabuɗi ya ce kowa ya ɗebi abin da yake bi ba, alhali an zalunce su ƙarara. To, wanda ya kafa hujja da Lawiyawa a kan hakkin, dole ya karɓi tsarin da hakkin yake bi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta larura. Suna cewa Dawuda ya ci keɓaɓɓiyar gurasa da yunwa ta kama shi, Ubangiji Yesu kuma ya kafa hujja da haka a Markus sura 2. Na yarda yunwa tana sassauta doka. Amma ku koma 1 Sama'ila 21 ku karanta a hankali. Dawuda roƙa ya yi. Ahimelek, wanda gurasar ke hannunsa, ya yi tambaya, ya sa sharaɗi, sa'an nan ya ba shi. Larura ta halatta masa cin abin da ba rabonsa ba ne, ta hannun mai kula da shi. 'Ya'yan Eli kuwa suna da rabo halattacce a cikin hadaya, zunubinsu ya zo ne daga yadda suke karɓa: baransu ya caka cokali mai yatsa uku a tukunya, ko ya nemi ɗanyen nama da ƙarfi kafin a ƙona kitse. Ina roƙonku kada wani ya ɗauki wannan misali ya jefi Baba Fasto da shi. Su haɗama ta kai su, shi kuwa, bisa ga wasiƙarka, wata biyar na rashi ne ya kai shi. Na kawo su ne kawai domin a ga cewa samun rabo a cikin abu bai ba mutum izinin ɗiba yadda ya ga dama ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafi sitonku kai tsaye. Hatsin godiyar kaka ba na dattawa ba ne balle a ce an ƙwace daga hannun wanda ya ci bashi. Gwauruwar da ta auno tiya biyu daga ɗan abin da ta girbe, ta ɗaure a ƙyalle ta kawo gaban bagade, ba ta hana kowa albashi ba. A yawancin ikilisiyoyinmu, daga wannan hatsi ake fitar da kason gunduma, a taimaki mai bishara da ke tasha, a ajiye wani abu domin gwauraye da marayu lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Idan mai bin bashi ya zama shi ne mai ƙiyasta bashin, shi ne mai aunawa, shi ne mai ɗauka, to babu wanda ya tsaya wa waɗannan. Yau buhu uku ne a hannun mutumin kirki. Fasto na gaba zai iske ƙofar a buɗe, kuma ba ku san halinsa ba.

Idan da gaske babu abin ɗorawa a murhu a gidan fasto, hanya gajeriya ce. Ya kira ka da dattijo ɗaya, ko da dare ne, a buɗe sito, a auna, a rubuta, mutum uku su sa hannu. Dattijon da aka kira domin wannan ya ƙi zuwa, ya yi zunubi.

Ban yarda a kira abin da ya faru sata ba. Ka tambaye shi, ya amsa a take, bai ɓoye ba, kuma yana da hujjar da ya ɗauka daidai ce. Kuskure ne a kan amana, ya kamata ya amsa shi a gaban dattawa ya ce ba zai sake ba. Ban ga dalilin sa shi a horo ko hana shi bagade ba, muddin ya amsa. Masu gaggawar kai ƙara su tuna 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan shugaba sai da shaidu biyu ko uku, kuma tana nan daf da ayoyin da ke maganar ladansa.

A littafi ka rubuta gaskiya tsagwaronta: ranar, masara buhu uku, an fitar wa Baba Fasto a madadin albashin da yake bi, ba tare da izinin dattawa ba tukuna. Ka ƙiyasta da farashin kasuwarku na ranar da ya ɗauka. Na jaddada wannan domin na san abin da zai biyo baya. Wani zai tashi ya ce da an bar masarar zuwa watan Yuli da ta yi tsada, don haka a lissafa masa da farashin damina. Kada ka yarda. Ba a cin riba a kan mutumin da aka riƙe wa hakki. Ka cire kuɗin daga bashin, ka rubuta abin da ya saura a fili, shi ma ya sa hannu.

Yanzu ga dattawa. Albashin da aka yi alkawari, aka kuma yi aikinsa, bashi ne. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta maimaita, Yakubu 5:4 kuma ya nuna kukan wanda aka riƙe wa lada yana kai wa kunnen Ubangiji. Babu inda aka ce wannan ya shafi lebura a gona amma ban da mai kiwon rayuka. Dattawan nan, idan suka ɗauki 'yan ƙodago su yi musu noma, ba za su iya ce musu ku dawo bayan na rufe ɗakina ba. Fasto kaɗai ake yi wa haka, domin an san kunya da kira za su hana shi magana. Daga nan sai a ce masa ya yi rayuwar bangaskiya, ai Bulus ma ɗinkin tanti ya yi. Bulus da kansa ya ajiye hakkinsa a Koranti, ba wanda ya ƙwace masa, kuma a lokaci guda yana karɓar taimako daga ikilisiyoyin Makidoniya. Sadaukarwar da wani ya zaɓar maka, ya kuma amfana da ita, zalunci ce. Wannan ɗabi'a ta yaɗu a cikinmu: a yi ta gasar bulo da kwanon rufi da ikilisiyar ƙauyen gaba, 'ya'yan fasto kuwa an koro su daga makaranta saboda kuɗi. Raina yana ɓaci ƙwarai a kan wannan.

Wa ke da ikon yanke irin wannan shawara? Ka duba tsarin mulkin ɗarikarku, domin a wasu ɗariku gunduma ce ke tsayar da albashi, dattawa ba su da ikon taɓa shi sam. Inda kuma aka bar wa ikilisiya, sai a bambanta abu biyu. Albashin gaba, jama'a na iya zama su duba ƙarfinsu, su ƙara ko su rage, da sanin fasto da na gunduma, tun kafin watan ya kama. Wanda ya riga ya wuce kuwa, ko ikilisiya duka ta ɗaga hannu ba za ta shafe shi ba. Mai bashi kaɗai ke yafewa, da ransa, kuma yafewar da aka nema a gaban taro ana zuba masa ido ban ɗauke ta yafewa ba. Kuɗin da mutane suka bayar da sunan rufi, na rufi ne, ba a karkatar da shi sai an koma an tambaye su. Baikon Lahadi da zakka kuwa, albashi ake fara fitarwa kafin siminti.

Idan gaskiyar magana ita ce ikilisiya ba ta iya biya, a faɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na taki da na magani suka tashi, har gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Ku sa wannan adadi kusa da abin da kuke ba fastonku ku gani. In ba za ku iya ba, ku sakar masa kwanaki ya yi noma, ku yi masa gayya kamar yadda iyayenmu suka yi wa masu bishara na farko, ku rubuta buhu nawa za a ba shi kowace kaka. Sa'ad da ikilisiyoyin da suka fito daga mishan suka tsaya da ƙafafunsu, ECWA a 1954, tarayyar TEKAN a 1955, nauyin ciyar da ma'aikata na cikin abin da suka ɗauka tare da mulkin kai.

Masu riƙe zakka suna da gaskiya a buƙatarsu, hanyarsu ce ba ta yi ba. Riƙewar za ta fara cin fasto da gwauraye kafin ta taɓa dattijo ko ɗaya. Amma karanta lissafi hakkinsu ne, kuma wanda ya ce tambayar kuɗin Allah rashin bangaskiya ne bai karanta 2 Korintiyawa 8 ba. Bulus, manzo guda, bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. A Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi a kan rabon gwauraye, manzanni sun tara jama'a suka ce su zaɓi mutum bakwai da kansu. Wasu sukan kawo 2 Sarakuna 12:15, inda ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan gyaran haikali ba saboda amincinsu. Su hau sama kaɗan zuwa aya ta 10: kafin kuɗin ya kai hannunsu, magatakardan sarki da babban firist ne suke buɗe akwati su ƙirga tare.

Kai ma, ɗan'uwa, akwai tambaya a kanka. Yaya aka yi sito ya buɗu ba ka sani ba? A sa kwado biyu, mabuɗi ɗaya wurinka, ɗaya wurin wani dattijo da ba danginka ba ne, ba kuma dangin fasto ba. Baikon Lahadi mutum biyu ko uku su ƙirga kafin a bar majami'a, a sa har da wakiliyar Zumuntar Mata, tun da kaso mai yawa daga hannunsu yake fitowa. Fasto ya ga littafi duk lokacin da ya so, amma kada kuɗi ya kwana a gidansa. Wannan kariya ce gare shi.

Ka nemi dattawa su zauna da Baba Fasto a wannan mako, ban da jama'a tukuna. Su fara neman gafararsa a kan wata biyar, shi kuma ya amsa nasa a kan sito. A tsayar da ranar da za a gama biyansa, ko da za a dakatar da rufi a ci gaba da sujada a tsohuwar majami'a wannan damina. Sa'an nan a kira taron ikilisiya, ka karanta abin da ya shigo da abin da ya fita tun farkon shekara, har da buhu ukun da sauran bashin. Idan dattawa suka ƙi zama, ka rubuta wa gunduma, ka ba su kwafin wasiƙar a hannu kafin ka aika. Ubangiji ya ba ku hikima.