Dutsen Da Ya Faɗo Daga Sama



A watan Disamba na 1984, masu bincike suka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 2 a kan ƙanƙarar Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya. Awo ya nuna cewa daga duniyar Mars ya ɓalle, ya faɗo nan wajen shekara 13,000 da suka wuce. A watan Agusta na 1996, David McKay da abokan aikinsa na hukumar NASA ta Amurka suka sanar cewa sun ga alamun rai a cikinsa: siffofi kamar 'yan tsutsotsi waɗanda ido ba ya gani, da ƙwayoyin wani ma'adini irin wanda wasu ƙananan halittu na duniyarmu suke yi. Har Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi.

Daga nan gardama ta tashi. Wasu masana suka ce siffofin sun cika ƙanƙanta, rai ba zai zauna a cikinsu ba. Wasu suka nuna cewa zafi yana iya haifar da ma'adinin ba tare da wata halitta ba. A 2022 wani sabon bincike ya bayyana cewa cuɗanyar ruwa da dutse ce ta samar da sinadaran da aka gani. Yawancin masana ba su karɓi dutsen a matsayin hujjar rai ba.

'Ya'yanmu 'yan makaranta sukan tambaye mu: in wata rana aka tabbatar da rai a can, yaya Littafin Farawa zai tsaya? Kada mu tsawata musu, kada kuma zuciyarmu ta girgiza. Manzo Bulus ya koya wa Kolosiyawa cewa ta wurin Kristi aka halicci kome. Ƙwayar rai a Mars, in akwai ta, aikin hannun Mahalicci ɗaya ce. Ikilisiya ba ta tsoron bincike: a 1891 Fafaroma Leo na 13 ya kafa ɗakin nazarin taurari na Batikan, kuma a Castel Gandolfo an adana irin waɗannan duwatsu fiye da 1,000.

Akwai kuma darasi dominmu. Masanan nan sun yi fiye da shekara 25 suna auna shaidar dutse guda. Mu kuwa sau nawa muke yanke wa maƙwabci hukunci a kan jita-jitar yini ɗaya? Doka ta takwas ta hana mu shaidar zur. Sauri ya haifi nawa. Mu bincika kafin mu furta.

Bari Allah, wanda ya san adadin taurari, ya ba mu bangaskiya marar tsoro da harshe mai faɗin gaskiya, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.