Tsakanin Kashafi da Taɓin Hankali

Idan mutum ya ce yana jin murya ko yana ganin abin da jama'a ba sa gani, nan take gida yakan rabu biyu: wasu su ce a kira mai ruƙiyya, wasu su ce a tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. A ganina, abin da ya gani ba shi ne ma'auni ba, domin ba mai iya shiga ƙirjinsa ya tabbatar. Abin da ake iya aunawa shi ne halin da ganin ya bar shi a ciki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta cewa a wajajen 1794 ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Bayan haka bai fasa karantarwa a Degel ba, bai ajiye alƙalami ba, a 1804 kuma ya jagoranci hijira zuwa Gudu. Wanda kuwa ya yi kwanaki ba barci, ya bar wanka da salla, yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a tuwo, ciwo ne ke cinsa, ko da Alƙur'ani yake ja ba tuntuɓe.

Za a ce likitoci ba su san gaibu ba, komai sai su jingina shi ga ƙwaƙwalwa. To ai ba su kaɗai suka rarrabe ba. Ibn Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya kasa farfaɗiya gida biyu, ta aljanu da ta jiki, ya bar wa likitoci ta biyun. Malamin da ke ganin aljani a kowace faɗuwa ya saɓa wa magabatansa. Za a kuma ce akwai majzubai, bayin Allah da suka yi kama da mahaukata. Ko an yarda da haka, shari'a ta ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe. Kula da shi ake yi, ba a karɓar fatawa daga bakinsa.

Kuma kurakuran biyu, kai waliyyi asibiti da hana majinyaci zuwa asibiti, ba nauyinsu ɗaya ba. Waliyyin da likita ya duba bai yi asarar komai ba. Amma mai jegon da hankalinta ya juye bayan haihuwa, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, idan aka tsaya hayaƙi da bulala ana jiran aljani ya yi magana, ana iya rasa su. A yi musu tofi, amma a cikin motar zuwa asibiti.