Uba a Zawiya, Ɗa a Fada

Hankali amana ne, da shi bawa yake sanin Ubangijinsa. Don kare shi Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta haramta giya, shehunan Tijjaniyya kuma suka hana muridi taba. Yau tramol da wiwi sun shiga fadar samari a Maraɗi da Damagaram. Uban da ke zaune wajen wazifa bai san inda ɗansa ya kwana ba, za a tambaye shi ranar hisabi. Sai ya riƙo hannun yaron zuwa zawiya, ya san abokansa, ya sama masa sana'a. Wanda ya riga ya afka kuwa, kada a kore shi. A kai shi likita, a haɗa da addu'a. Allah Ya shirya zuri'a, amin.