Tsoron da Ake Saye da Kuɗi: Tsofaffin Fina-finan Italiya a Gidan Sinima

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci zuciya, Ya sanya mata tsoro da kwaɗayi. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yana daga abin mamakin ɗan Adam ya biya kuɗi, ya zauna cikin duhu, domin a firgita shi. Mutanen Italiya sun shahara da wannan sana'a, ko da yake ba da wuri suka shige ta ba, domin hukumar Mussolini ba ta ba irin waɗannan fina-finai fuska ba. Sai a 1957 Riccardo Freda ya yi I Vampiri, wanda mai ɗaukar hotonsa, Mario Bava, ya ƙarasa. A 1960 Bava ya fito da nasa, La maschera del demonio, wanda Birtaniya ta hana nunawa har 1968.

Wanda ya kalle shi a waya bai san dalilin hanin ba. A farkon fim ɗin an ɗaure wata mayya, aka ɗauko abin rufe fuska na ƙarfe mai ƙusoshi ta ciki. Bava ya ajiye kyamara a mazaunin idon matar, ƙusoshin suna matsowa, suna girma, har su cika bango guda, sannan wani ƙato ya ɗaga guduma. A gida sai ka tsayar, ka sha ruwa. A sinima babu wannan dama. Daga kai sai allo, sai numfashin na kusa da kai.

Dario Argento kuwa da launi da sauti yake kama mutum. Suspiria, na 1977, labarin wata Ba'amurkiya ce da ta je makarantar koyon rawa a Jamus, ashe matattarar mayu ce. Labarin kansa bai taka kara ya karya ba. Amma ja da shuɗin da Luciano Tovoli ya ɗauka, aka wanke da tsohuwar dabarar Technicolor a birnin Rum, da kiɗan ƙungiyar Goblin mai raɗa da kuwwa, domin babban zaure aka yi su. Shi ya sa da aka gyara fim ɗin a 2017 aka sake nuna shi a gidajen sinima.

To, ina matsayin mai imani a nan? Malamai sun rarrabe tsakanin tsoro na ɗabi'a, kamar tsoron maciji, wanda babu zargi a kansa, da tsoron Allah, wanda ibada ne. Imam Gazali ya ware babi a littafinsa Ihya'u kan tsoro da fata, inda ya nuna cewa tsoro abin yabo shi ne wanda ya tura bawa ga aiki. Na sinima kuwa da an kunna fitila ya watse. Ga kabari, ga gawa, ga akwatinta, duk abin da ya isa wa'azi, amma an mayar da shi ado. Ƙasar da a cikinta aka jera ƙasusuwan matattu a ƙarƙashin wani coci a Rum domin tunatarwa, ita ce ta iya sayar da mutuwa a matsayin nishaɗi.

Ba na yi musu kuɗin goro. Bava gwani ne na haske da inuwa, ɗalibin wannan fanni zai ƙaru da shi. Amma da yawa daga cikin fina-finan cike suke da tsiraici da yankan mata, kamar ana ɗanɗana abin. Lucio Fulci, a Zombi 2 na 1979, ya tsayar da kyamara a kan tsinken katako yana shiga idon mace sannu a hankali. Ido amana ne, za a tambaye mu a kansa, kuma girman allo yana ƙara wa hoto zama a zuciya.

Don haka, ɗan'uwa, idan nazari ya kai ka, ka tsaya ga irin aikin Bava na farko, ka kau da kai inda ya wajaba. Na Fulci kuwa ban ga uzurin kallonsa ba, kuma kada a kai yara ko ɗaya daga ciki. Allah ne Mafi sani.