AMANAR LABARI A ZAMANIN WAYAR SALULA



Kafin shekarar 2001, lokacin da aka soma aiki da wayar salula ta GSM a Nijeriya, layukan tarho a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Yanzu kuwa manomi yana jin farashin hatsi a kasuwar Dawanau daga gonarsa, ɗan ci-rani yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi daga Ikko, ɗalibi kuma yana sauraren tafsiri ta intanet. Wannan ni'ima ce, kowace ni'ima kuwa za a tambayi bawa a kanta.

Babbar amanar da ke tattare da ita ita ce ta labari. A aya ta 6 ta Suratul Hujurat, Allah Ya umurci muminai da su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wasu cikin rashin sani, su koma suna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne sa'ad da aka kawo labarin cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka yi shirin yaƙarsu, alhali ba haka ba ne.

Irin wannan ta faru a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola. Saƙo ya bazu ta wayoyi cikin dare cewa sha da wanka da ruwan gishiri rigakafi ne. Mutane suka yi ta tashin 'yan'uwansu daga barci, kowa yana ganin taimako yake yi. Aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Saboda haka lalle ne Musulmi ya tsaya kafin ya tura saƙo, ya tambayi kansa wa ya faɗa, kuma wa zai cutu idan ƙarya ne. Abin da ya shafi lafiya a kai wa likita, na addini a kai wa malami, na mutuncin wani a yi shiru. Cewa turo masa aka yi ba ya ɗauke wa mutum alhaki, domin abin da yatsa ya aika daidai yake da abin da harshe ya furta.

Allah Ya kiyashe mu da nadamar ranar gobe, amin.